Surukina da Wayar Injin Casa

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za mu koma, babu wanda za a bari a baya. Surukina, mahaifin matata, ya rasu a gidansa na Nguru wata Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Saboda jikokinsa nake wannan rubutu. Abin da suka sani game da shi bai wuce cewa tsoho ne mai yawan shiru, mai dogon farce a babban yatsan dama ba, ni kuwa ba na so saninsu ya tsaya a nan. Sai dai gara in faɗa tun da wuri: ni da na yi kusan shekara ashirin ina durƙusa masa ban gama gane shi ba, zaman makokinsa ma ƙara ruɗa ni ya yi.

Ranar farko waɗanda muka zata ne suka zo: dangi, maƙwabta, da tsofaffin da suka yi aiki tare da shi a tashar jirgin ƙasa, wasu na gaisuwa da Barbarci, wasu da Hausa. A rana ta biyu ne baƙin fuska suka fara sauka daga motocin haya. Wani dattijo mai injin niƙa daga Jajimaji, bayan an shafa addu'a, ya tambaya wane ne ɗan marigayi. Aka nuna masa ƙanin matata. Ya matso kusa da shi ya ce, "Ka yi haƙuri, na san ba ranar wannan magana ba ce. Bara mahaifinka ya zo wurina, ban kira shi ba. Ya ce maganar da ya faɗa mini shekarun baya, cewa wayar injina lafiyarta ƙalau, ya janye ta. Na ce to ta lalace ke nan? Ya ce bai ce ba. Na ce to tana da kyau? Ya ce bai ce ba. Yanzu ga shi ya tafi. Ni wa zan tambaya?"

Dattijon na rufe baki sai wani mai sayar da kifi daga Dagona ya ce shi ma haka aka yi masa a kan wayar firjinsa. Wani kuma daga Kumagannam, mai kula da injin burtsatsen unguwarsu, ya ce marigayin ya wuni a wurinsu yana bin waya da rarrafe cikin rana, ko ruwa bai yarda ya sha ba sai da ya gama, kuma ko kuɗin mota ya ƙi karɓa. Wani maƙwabci ya yi ƙasa da murya ya ce ai tsufa ne, kai yakan taɓu. Limamin unguwa ya juyo ya ce sam, mutumin da ke yi masa gyara in ya tsallake aya har makon rasuwarsa ba za a ce kansa ya taɓu ba. Da labarin ya shiga cikin gida, surukata ta aiko a tambaya ko da gaske ne. Ta ce duk ranar da zai fita da jakarsa cewa yake zai je dubiya, ita kuwa ta ɗauka marasa lafiya yake dubowa, har takan ƙulla masa ƙuli-ƙuli ya kai musu.

Sai kuma mahaifina. Duk garinmu Gashua an san ya yi shekaru ba ya shiri da marigayin. Shi ne ya zauna a gefen tabarma ya rufe fuska da bakin rawani yana kuka, har mutane suka riƙa kallona suna neman bayani. Bayanin da nake da shi ke nan zan rubuta, iya inda na gane.

Aikin surukina wutar lantarki ne, shi ya sa ake ce masa Injiniya, ko da yake bai taɓa shiga jami'a ba. Amma ba irin masu jan waya su ɗaura ƙwan fitila ba ne. Shi ana kiransa ne idan waya ta tsufa, ana so a san ko za ta ƙara kai wasu shekaru. Kowace waya tagulla ce a ciki, da roba a waje mai hana wuta fita. Yakan ce tagulla ba ta da matsala, robar ce ke tsufa: zafi ya yi ta dafa ta a hankali, ta bushe, ta ƙandare, wata rana ta tsage, wuta ta sami hanyar zuwa jikin mutum ko jikin ɓuntun shinkafa. Sauran masu gyara in suna shakka sai su sa wuƙa su fere su duba. Shi ban taɓa ganin ya yanki wayar da ke aiki ba.

Ga yadda yake yi. Zai sa a kashe wuta, ya tabbatar da testa, ya yi bismilla, ya dasa farcen nan nasa a jikin robar, ya danna, ya ɗaga, sannan ya tsura wa gurbin ido kamar mai jiran amsa. In gurbin ya cike da wuri, robar na da sauran ƙarfi. In farce ya ƙi shiga, ko ya shiga gurbin ya zauna bai motsa ba, sai ka ga ya girgiza kai. Yakan ce, "Dannawa kowa ya iya. Kallon yadda take dawowa shi ne aikin." Daga nan ya shinshina, ya ɗan lanƙwasa ta a hankali yana saurare. A ƙarshe ya fito da wani ɗan akwati mai allura da hannun juyawa, suna ce masa mega, ya maƙala wa waya, ya yi ta juya hannun yana kallon inda allura za ta tsaya. Farcen kuwa ba a wasa da shi. Ko lemo ba ya ɓarewa da shi, kuma matata ta ce suna yara ba a taɓa barin su rufe ƙofa in hannunsa na kusa ba.

Akwai wata bazawara a layinsu mai sayar da ƙanƙara, wadda wani mai gyara ya ce mata sai an sauya wayar gidanta gaba ɗaya, in ba haka ba gobara. Ta zo tana hawaye, don sana'ar ita ce abincin marayunta. Surukina ya shiga gidan tun hantsi bai fito ba sai la'asar, ya bi wayar nan taƙi-taƙi. Ya fito ya ce kamu biyu ne kawai suka gaji, a bayan firji inda zafi ke bugu. Ya ɗauko waya daga jakarsa ya sauya. Da ta tambayi ladansa ya ce ta riƙa aiko masa da ƙanƙara ɗaya in azumi ya zo. Ta aika shekara biyu, ya ce ya isa haka.

Yanzu sai rigimar. Mahaifina ɗan kasuwa ne, kakanninmu daga Haɗeja suka zo Gashua. Yana da injin casar shinkafa a bakin gari, inda ake kawo shinkafar Dagona da ta sauran fadamu. A filin injin akwai mata da yawa masu turara shinkafa a manyan ganguna kan murhu kafin a shanya a casa, matata ce kuma ke kula da su. Wutar injin tana zuwa ne ta wata waya mai kauri da aka binne tun kafin in yi aure, daga taransifoma a bakin ƙofa zuwa ɗakin inji.

Wani rani, a shekarun da ba a san wayar salula ba, injin ya riƙa tsayawa haka kawai. Ni na ba da shawara a kira surukina. Ya zo, ya gano abin a jikin injin ne, ya gyara cikin awa guda. Har mun rako shi bakin ƙofa, sai ya tsaya inda wayar nan mai kauri ta fito daga ƙasa ta hau turke. Ya ce a kashe wuta. Ya tsuguna ya danna farce, ya daɗe yana kallo. Ya sake dannawa. Ya fito da mega ya juya.

Ya miƙe ya ce, "Alhaji, wannan wayar ta gaji. A tone ta kafin damina."

Mahaifina ya ce, "Wacce? Ai ita kaɗai ce ba ta taɓa ba mu wahala ba. Akwatin naka me ya ce?"

"Allura ta ce da sauƙi. Amma rani ne, ƙasa a bushe take. Allura ba ta cika ganin tsaga ba in babu danshi."

"To akwatinka ya ce lafiya, kai ka ce ba lafiya. Wa zan bi a cikinku?"

"Robar ta ƙi karɓar farce, Alhaji."

"Farce! Saboda farce zan rufe inji ana tsakiyar aiki, in fasa fili, in sallami matan nan su koma gida? In gaskiya ne, ga wuƙa, yanka ka nuna mini."

"In na yanka don in nuna maka ai na kashe ta, ko da mai lafiya ce. Ba zan yanka ba."

Ni ina gefe kaina a ƙasa. Can surukina ya ɗaure jakarsa ya ce, "Injinka ne, ba zan tilasta ka ba. Amma 'yata ba za ta ƙara taka filin nan ba, haka 'ya'yanta." Mahaifina ya ce, "Matar ɗana ce kafin ta zama mai karɓar umarni daga Nguru." Surukina ya yi sallama ya nufi tasha da ƙafa, ya ƙi a kai shi a mota.

Matata ta bi maganar mahaifinta. Ba ta yi gardama da kowa ba, washegari dai ba ta fita ba, haka jibi, haka gata. Mahaifina ya ɗauki abin a matsayin raini. Ya daina amsa gaisuwarta yadda ya saba, ya daina cin abincin da ta aiko. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Da safe in durƙusa gaban mahaifina ya ce, "Har yanzu farce ne ke mulkin gidanka?" Da yamma in dawo in tarar da ita ta yi tagumi tana tambaya ko lafiya aka tashi a inji. Sau biyu na yi niyyar ce mata ta koma aiki, na kasa. Sau ɗaya na yi niyyar ce wa mahaifina a tone wayar, na kai bakin ƙofarsa na juyo.

Damina ta zo ta wuce, ba abin da ya faru. Ta sake zuwa ta wuce. Har da shekarar da ruwa ya kwanta a filin kwana da kwanaki, wayar nan ko gezau. Duk lokacin da aka yi ruwan farko mahaifina sai ya ce a gaban mutane, "A gaya wa Injiniya muna nan da ranmu." Ni kaina na fara tunanin ko surukina ya yi kuskure ne, girman kai ya hana shi janyewa. Suruki ba abokin hira ba ne, ba a tsare shi da tambaya. Amma wata Babbar Salla da muka je gaisuwa na daure na ce, "Baba, wayar nan fa shekara biyar ke nan."

Ya ce, "Ban ce za ta kama gobe ba. Cewa na yi ba zan iya rantsewa ba za ta kama ba."

Na yi ta juya maganar a mota tun daga Nguru har muka wuce Jajimaji. In ba zai iya rantsewa za ta kama ba, kuma ba zai iya rantsewa ba za ta kama ba, to a kan me aka raba gida biyu? Na tambayi matata, ta ce ita ma ba ta sani ba, ta dai san mahaifinta bai taɓa hana ta wani abu ba sai wannan.

A shekara ta tara gwiwoyin mahaifina suka gaza, ya bar mini injin. Na sayo sabon inji mafi girma, mai sayarwa ya ce tsohuwar waya ba za ta ɗauke shi ba, dole a sa mai kauri. Na ji daɗi ƙwarai, don yanzu za a tone ta ba tare da an ce wani ya ci wani ba. Na sa matata ta aika wa mahaifinta. Ban zaci zai zo ba, sai ga shi tun da safe da jakarsa, ya rame, gashin gemu duk ya yi fari. Mahaifina ya sa aka kai masa kujera gindin darbejiya. Suka gaisa a taƙaice. Matan turare aka ce su huta ranar, aka janye ganguna, 'yan ƙwadago suka fara haƙa.

Surukina ya fara zuwa gindin turke, wurin da ya danna shekarun baya. Tunda yanzu wayar ta tashi daga aiki, ya karɓi wuƙa ya fere da kansa. Rigar waje ce kawai rana ta gasa, kamar taƙi guda. Robar ciki kuwa laushi gare ta kamar jiya aka saye ta. Ya danna, gurbi ya cike nan take. Mahaifina ya sa aka kawo masa ya gani, ya yi dariya har da tafa cinya. "Shekara tara, Injiniya! Shekara tara a kan fatar da rana ta ƙona!"

Surukina ya ajiye wuƙar. Ya shiga ramin ya durƙusa, ya fara bin wayar da farce, ɗan tsakani kaɗan ya danna, ya jira, ya matsa gaba. Na ji kunya ta kama ni a madadinsa, na so in ce ya bari haka. Ya yi ta tafiya da gwiwa har tsakiyar fili, daidai inda murhun matan nan ke zaune shekara da shekaru, inda ƙasar ta yi ja don ƙuna. Nan ya tsaya. Ya danna, farce ya zame. Ya sa hannu biyu ya ɗaga wayar kaɗan, ya ɗan lanƙwasa. Muka ji ƙas-ƙas, robar ta farfashe ta zubo kamar ƙanzo, ga tagulla nan tsirara ta yi kore. Wurin ya kai kamu uku. A kansa matan ke zubar da ruwan turare su tsaya ba takalmi. A kansa matata ke ajiye kujerarta a da.

Mahaifina ya ce a kama shi ya tashi daga kujera. Ya dogara sanda har bakin ramin, ya leƙa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Injiniya, ka yi gaskiya. Ka yafe mini, ka kuma roƙa mini 'yarka."

Surukina ya ɗago daga cikin rami ya ce, "A'a, Alhaji. Kai ne ka yi gaskiya, ni kuskure na yi."

"Kuskuren me? Ga abu muna gani!"

"Inda na danna lafiya lau yake, ka gani da idonka. Nan kuwa ban taɓa shi ba, ban ma yi tunaninsa ba. Ranar na wuce ta gaban murhun nan, na ji zafinsa a ƙafata, ban tambayi ta ina waya ta bi ba."

"Amma ai ka ce a tone!"

"Na faɗa a kan dalilin da ba shi ba ne. Da a ce bakin wayar nan a inuwa yake, da na ce maka lafiya lau, in tafi gida, 'yata ta ci gaba da zama a kan wannan."

"Ni dai na ce ka yi gaskiya."

"Ni kuma na ce ban yi ba."

Wallahi haka suka yi ta yi, murya na tashi, kowa na tura wa ɗan'uwansa gaskiya kamar garwashi. Wani cikin 'yan ƙwadagon ya jingina da shebur ya tambaye ni, "Maigida, to wa ya ci?" Na ce masa ban sani ba. Har yau in aka tambaye ni amsar ke nan.

Mahaifina ya koma cin abincin matata tun daga ranar, ya riƙa aika wa surukina buhun sabuwar shinkafa duk kaka. Na ɗauka magana ta ƙare. Amma surukina ya koma Nguru ya daina karɓar aiki, ya daina fita majalisa, abinci ma sai an matsa masa.

Ana haka ƙanin matata ya dawo daga karatun injiniya a ƙasar waje. Da ya ji abin da ya faru, ya ce shi ya san abin da zai faranta ran tsohon. Ina zaune a zauren ranar. Ya buɗe wani littafi mai hotuna ya ce, "Baba, ka ga wannan? Tashar wutar lantarki ce ta nukiliya. Wayoyin cikinta ba su ƙirguwa, wasu sun yi shekaru masu yawa, zafi da tururin nukiliya na cin robarsu. Ba a iya cire su, ba a iya yanka su, kuma in suka gaza a ranar da ake buƙatarsu abin ba ƙarami ba ne. Ka san yadda suke gwada su? Ga na'urar nan. Tana da ɗan tsinke, tana kama waya ta danna robar, ta auna taurinta. Aikin farcenka ne, Baba. Manyan masana ne suka zauna suka ƙera abin da kake yi tun kafin a haife ni."

Surukina ya karɓi littafin ya kai shi kusa da ido. Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Suna duba yadda take dawowa?"

"Suna dubawa."

"Madalla. To inda waya ta shiga cikin bango, ko ƙarƙashin ƙasa, inda tsinken ba ya kaiwa fa?"

"Akwai wata na'urar. Ana tura wuta 'yar kaɗan daga baki ɗaya, ta tafi ta dawo, sai a karanta a gane inda robar ta canja."

"Kullum tana ganewa?"

Ƙanin matata ya ce, "Ba kullum ba. Wani lokaci takan nuna wuri a je a tarar ba komai, wani lokaci lalacewar ba ta kai yadda za ta gani ba. Suna nan suna ta bincike."

Surukina ya rufe littafin a hankali ya miƙa masa. Ya ce, "Ashe su ma ba su sani ba. Kuma mutane na kwana kusa da abin." Ya ƙara da cewa, "Su aƙalla sun san ba su sani ba. Ni shekara arba'in ina danna bakin waya nan da can in ce wa mutum lafiya lau, je ka."

Muka fito ƙanin matata na tambayata, "Yaya, me na faɗa ba daidai ba?" Na ce ban ga abin da ya faɗa ba daidai ba.

Bayan wannan ne, kamar yadda muka gane daga baya, ya fara fita da jaka yana bin duk wuraren da ya taɓa cewa lafiya. Inda zai iya bin waya daga farko har ƙarshe ya bi. Inda ta shige wurin da hannu ba ya kaiwa, sai ya gaya wa mai ita gaskiya cewa bai sani ba. Ko hakan ya taimaki mutanen nan ko kuwa hana su barci kawai ya yi, ni ban iya yankewa ba. Wasu sun sauya wayoyinsu, wasu sun yi fushi, wasu har gobe suna tsakiya. Na kan ce a raina ai da ya bar su da kwanciyar hankalinsu, sai in tuna ramin nan da jar ƙasa, in rasa ta cewa.

Ganina da shi na ƙarshe wata Juma'a ce kafin masallaci. Jikin ya yi nauyi, yana jingine da filo a zaure. Na durƙusa daga nesa kamar kullum na gaishe shi. Ya ce, "Mutumin Gashua, matso." Na matsa. Ya ce, "Ƙara matsowa, ba cizo nake ba." Ya laluba ƙarƙashin filo ya fito da guntayen waya biyu, kowace kamar taƙi, launinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba tun da na auri 'yarsa, ya duba babban yatsana ya ce, "Farcen ba laifi. Inji yanzu naka ne, matan nan a wuyanka suke. Ɗaya cikin waɗannan tana da sauran shekaru, ɗaya ta gama. Wacce ce ta gama?"

Na danna ta dama, na danna ta hagu. Ni dai duk ɗaya na ji.  Na ce, "Ta hagu, Baba."

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ka yi saurin ɗaga ido. Sake."

Ina shirin sakewa surukata ta yi sallama daga ciki, ta ce mai allura ya iso. Ya tura mini guntayen ya ce, "Tafi da su ka riƙa gwadawa. In ka dawo ka faɗa mini, ni kuma in faɗa maka." Na ce to, sai Juma'a mai zuwa in Allah ya so. Talata aka bugo waya ya cika.

Guntayen suna nan a kan tagar ɗakin inji. Kafin a ta da inji da safe nakan ɗauka in danna, in jira, in hana idona tashi da wuri. Makon jiya na tabbata ta hagu ce. Yau da safe na ga kamar ta dama ce ta fi jinkirin dawowa.

Allah Ya jiƙan surukina, Ya yalwata masa kabari, Ya ba surukata da 'ya'yansa haƙuri. Ya karɓi abin da ya yi daidai, Ya yafe masa abin da ya sani da abin da bai sani ba.